Yadda Za Ka Faranta wa Mahaifiyarka Rai Ba Tare da Ka Tambaye Ta Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan mahaifiyarka na dab da cika shekaru masu kauri, kana kuma son ranar ta zama abin faɗi a dangi, ka zo inda ya dace. Ga alkawarina: bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin rana ta faɗi hotonka da ita ya cika wayoyin 'yan'uwa, gwaggwanni na ta sa maka albarka, yayarka kuma na can tana cizon yatsa. Ban taɓa samun wanda ya bi tsarina ya faɗi ba. Mutum ɗaya ne ya kusa zubar mini da mutunci, shi ma sai da ya zo ƙarshe ya saki layi. Da shi zan riƙa yi maka misali.

Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Aikinsa shirya taruka a wani ofis da ke hawa na uku, mutumin da ko shayi zai sha sai ya sa masa lokaci a takarda. Mahaifiyarsa tela ce. Shekara arba'in da biyu tana taka baƙin keken ɗinkinta a gefen taga, da shi ta ciyar da su, da shi ta kai su makaranta. Ranar Asabar za ta cika saba'in. Ranar Lahadi kuwa, in ji ta, wani tela da ke bakin titi zai zo ya ɗauke keken, ta ba shi kyauta.

Mataki na 1: Kada ka tambaya

Wannan shi ne ginshiƙin karatun, sauran duk ado ne. An ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma matambayi yana janyo wa kansa aiki. Idan ka tambayi uwa abin da take so, ko dai ta ce ba ta son komai, ko ta faɗi wani ɗan abu da ba ya kyau a hoto.

Dubi Auta. Da Mama ta faɗa masa maganar keken, tana tsaye tana shafa murfinsa, bai ce me ya sa ba. Cewa ya yi, "Madalla, Mama. Dama lokacin hutunki ya yi." Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, shi kuwa tuni ya ciro waya yana neman wuraren shaƙatawa.

Abin da bai sani ba, kuma bai kamata ya sani ba in yana son shirinsa ya tafi sumul, shi ne Mama ba ta gaji da ɗinki ba. Kafar allura ce ta daina gani. An canza mata tabarau sau biyu, ba ta canza zani ba. Yaya, babbar 'yarta, ma'aikaciyar jinya, ita ce ke zuwa duk Asabar ta zura wa keken zare, ta zura wa alluran hannu talatin, ta soke su a wani ɗan ƙunshin ƙyalle, su ishe ta mako guda. Wata uku ke nan da aka yi wa Yaya canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa. Alluran suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Farin zaren da ke kan keken Mama ta yi ta lallaɓa shi, komai launin yadi da shi take ɗinkawa, har ranar da ya tsinke. Macen da ta koya wa rabin matan layinsu ɗinki ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta a zura mata zare ba. Gara mata keken ya bar gidan da ta riƙa ganinsa a rufe.

Ka ga irin labarin da tambaya ke tonowa. Ka kiyaye.

Mataki na 2: Guji dogon saƙon murya

Duk saƙon da ya wuce minti ɗaya, nasiha ce. Ranar Laraba Yaya ta turo wa Auta na minti huɗu da daƙiƙa goma. Ya saurari farkonsa, "Auta, akwai abin da Mama ta hana ni faɗa maka, amma…" sai aka kira shi taro. Ya tura mata hoton babban yatsa, ya ci gaba da harkarsa. A ransa ya ce kishi ne kawai, ta ji zai yi abin da bai taɓa zo mata a rai ba.

Ka yi koyi da shi. Babbar yaya ba ta turo dogon saƙo don ta yabe ka.

Mataki na 3: Kada ka sayi kaya, sayi abin tunawa

Zamanin kai wa uwa turare da takalmi ya wuce. Masana sun ce a ba ta abin da ba a nannaɗewa a takarda: a fita da ita, a yi wani abu tare, ta samu abin da za ta riƙa tunawa. Amfanin wannan a gare ka biyu ne. Na ɗaya, ba za ta iya ɓoye shi a ƙasan akwati ta ce sai wata rana ba. Na biyu, ba za ta iya miƙa wa jikarta da zarar ka juya baya ba.

Wajen zaɓe, ka zaɓi abin da kai kake sha'awa. Ai jininta ne kai, abin da ya yi maka ya yi mata. Auta ya zauna a ofis ya tsara Asabar ɗin a takarda mai layi-layi: ƙarfe goma gidan tausa, ƙarfe ɗaya gidan abinci, ƙarfe uku kuma babban abin mamaki, wanda ya ja wa layi biyu a ƙasa. Har da minti goma sha biyar ya ware, ya rubuta a gabansa: hira da Mama.

Mataki na 4: Hana ta taɓa komai

In ranar ta zo, ka iso da wuri, ka iso da ƙarfi. Auta ya tarar da ita zaune a kujerar keken, ta buɗe murfin, ta sa tabarau, ga zare a hannunta. Da ta ji sallamarsa ta yi sauri ta rufe.

"Auta, zo mana, kai da idonka ke da kyau, ko za ka ɗan…"

"Mama, yau babu aiki. Yau ke sarauniya ce."

"Minti ɗaya ne fa."

"Ko rabin minti. Tashi, mota na jira."

Ta dube shi, ta dubi keken, ta naɗe zaren a yatsa ta jefa a jaka. "To," ta ce, "mu je, ranka ya daɗe."

Lura da kyau: wannan shi ne lokaci mafi haɗari a duk ranar. Uwa takan ɓoye babbar buƙata a cikin "ko za ka ɗan". In ka bari ta kai ƙarshen maganar, shirinka ya rushe.

Mataki na 5: Koyi fassara maganar iyaye mata

Uwa ba ta faɗin abin da ke ranta kai tsaye, don haka kai za ka fassara, kuma ka fassara yadda zai yi maka daɗi. "Wannan wahala duk ta mece ce?" na nufin ta ji daɗi. "Yaushe za mu koma?" na nufin ba ta son a tashi. Shiru kuwa, farin ciki ne ya hana ta magana.

A gidan tausa aka ba Mama wata farar riga mai kauri da igiya a ƙugu. Kafin ta sa sai da ta juya cikinta, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce wanda ya yi wannan yunwa yake ji. Aka kwantar da ita, wata yarinya mai sanyin murya ta shafa mata wani koren abu a fuska, ta ɗora mata yankan kokwamba biyu a ido.

"'Yata, wannan na mene ne?"

"Yana sa ido ya huta, Mama."

"Yana ƙara gani?"

"A'a, hutu kawai."

"To, ai sun huta. Wata uku suna hutawa."

Yarinyar ta yi dariya, Auta ma da ke leƙe daga ƙofa ya yi dariya, ya ɗauki hoto. Da suka fito ya tarar Mama ta cinye kokwambar, wai ba ta iya ganin ana wasa da abinci.

Mataki na 6: Hoto kafin komai

Abin da ba a ɗauka a hoto ba, bai faru ba. Kafin su kai mota Auta ya riga ya tura hotuna bakwai a guruf ɗin 'yan gida na waya, ya rubuta a ƙasa: Uwa ɗaya tamkar da dubu. Albarka ta fara sauka kamar ruwan sama. Gwaggo ta turo addu'a, Kawu ya turo tafi. Yaya ta rubuto, "Ka saurari saƙona?" Bai kula ta ba, kuma ya yi daidai.

Gidan abincin irin wanda ake kawo faranti kamar tire ne, abincin kuma ya tsaya a tsakiya shi kaɗai kamar maraya. Mama ta duba, ta ce a jira a ƙarasa zubawa. Auta ya raɗa mata cewa shi ke nan. Ta kai hannu, ya ce ta dakata tukuna. Ya ɗauki hoto daga sama, ya ɗauka daga gefe, ya sa ta riƙe cokali ta yi murmushi, ya ce haske bai yi ba a sake. Kafin ya gama, abincin ya huce.

Nan ne minti goma sha biyar na hira ya faɗo. Ya duba agogo, ya kife waya, ya ce, "To Mama, yaya kike ji?"

"Lafiya lau, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Hannunta na ƙarƙashin tebur, tana bin kalmasar ƙyallen teburin da ɗan yatsa, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ga hannun na motsi, ya ɗauka kiɗan da ke tashi a ɗakin take bi. Daga nan waya ta yi ƙara, sauran minti goma sha ukun suka tafi wajen amsa wa Gwaggo.

Mataki na 7: Ajiye babban abin mamaki a ƙarshe

Ka nemo abin da ya shafi rayuwarta, ka kai ta inda za a koya mata shi. Auta ya yi wa kansa kirari a kan wannan dabara. Ya samo wani aji da ake yi duk Asabar a saman wani shago, ajin ɗinkin hannu na uwa da ɗa. Tunaninsa shi ne, tun da washegari keke zai tafi, bari a yi wa ɗinki bankwana mai kyau, a kuma samu bidiyo.

Tebura takwas ne a ɗakin, kowanne da ƙyalle biyu, almakashi, allura da zare ja. Malamar ba ta fi shekara ashirin da biyar ba, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Mama ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga abin da ke kan teburan, ƙafarta ta ƙi shiga.

"Auta, mu je gida."

"Haba Mama, wannan ai filinki ne. Ki nuna musu."

Ta shiga. Malama ta tafa hannu ta ce abu na farko, kowa ya zura zarensa a allura. Nan da nan ɗakin ya cika da dariya, wannan ta zura, wancan ya zura. Auta bai taɓa tasa allurar ba, ya ɗaga waya yana ɗaukar Mama, yana jiran ta ba su kunya.

Ta lashi bakin zaren, ta murza shi, ta ɗaga allurar saitin fitila. Zaren ya wuce ta gefe. Ta sake. Ya sake wucewa. Ta gyara tabarau, ta juya wajen taga, ta sake. Tebura bakwai sun gama, an fara juyowa ana kallonta. Malama ta zo ta dafa kafaɗarta, da zuciya ɗaya, ta ce, "Kada ki damu, Mama. Duk sabon shiga haka yake farawa."

Mama ta sake lasar bakin zaren. Auta kuwa, don bidiyo ya fito da kyau, ya sa yatsu biyu ya janyo hoton kusa. A nan ya gani. Allura na nan, zare na can, tsakaninsu ya kai faɗin yatsa, ita kuma tana ta turawa a iska, a hankali, da dukkan ƙwarewar shekara arba'in da biyu. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, don shi ya kawo ta, shi ya zaunar da ita a gaban mutane, shi ne kuma yake ɗauka.

Ɗalibi na gari a nan zai ce a yi mata tafi, a wuce. Har zuwa wannan minti Auta ɗalibi na gari ne.

Mataki na 8: Kada ka ajiye waya

Ya ajiye. Daga nan komai ya lalace, kuma ina ba ka labarin ne don ka san abin gudu.

Ya karɓi allurar daga hannunta, shi ma sai a karo na uku ya samu, ya miƙa mata. Ta ƙulla bakin zaren da hannu ɗaya. Ba ta ko sunkuya ba. Yatsunta suka kama ƙyallen, allura ta shiga fita, ta shiga fita, kafin Malama ta gama bayanin yadda ake riƙe ƙyalle, Mama ta kai ƙarshen layi ta juyo. Malama ta ɗaga ɗinkin, ta duba gaba, ta duba baya, ta rasa inda aka fara. Ta ce, "Mama, a ina kika koya?"

"Wajen rashi, 'yata. Makaranta ce mai kyau." Ta miƙa hannu ta taɓa hannun rigar Malamar. "Wannan kuma ki saki zarensa kaɗan, yana jan kafaɗa."

Babu bidiyon wannan. Abu mafi kyau da ya faru a ranar, wayar na kife a kan tebur. Ka ga asara.

A mota bai tayar da injin ba. Ya karya mataki na biyu, ya sa saƙon Yaya a kunne, minti huɗu da daƙiƙa goma, har ƙarshe. Sannan ya juyo ya karya na farko.

"Mama, me ya sa za ki ba da keken?"

"Ai ka ji."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Sau nawa zan ce zo ka ɗan? Kullum kana da tsari." Ta ciro zaren nan daga jaka tana warware shi daga inda ya cukurkuɗe. "Kuma ina jin nauyi. Yaron da ke tara manyan mutane a ɗaki, in kira shi ya zo zura zare?"

"Kina son a ɗauke shi?"

Ta juya ta kalli titi. "In aka fitar da shi, ban san me zan tashi in yi da safe ba."

Ya kifa kai a kan sitiyari. Ta bar shi ya ɗan jima, sannan ta ce ya tashi ya ja mota, mutane za su zaci ita ta dake shi.

Da suka isa gida ya ɗaga murfin keken da kansa. Akwai yadi a ƙarƙashin allurar, shuɗi, da zanen alli a jikinsa, ɗinkin farin zare ya taho tiryan-tiryan ya tsaya a tsakiyar kafaɗa. Riga ce ta namiji. Ya tambaya ta wane ne.

"Ta wani mai tsari ce. Na so in gama kafin keken ya tafi, shi ya sa na kira ka da safe. Sai dai na ga yau a gidan abincin nan tumbi ya ƙaru, dole in buɗe gefe."

Ya durƙusa a gaban keken, tana faɗa masa inda zare ke bi, nan ka zagaya, nan ka saƙala, a'a, ta baya, kai wane irin ɗan tela ne. Da ya zura, ta ɗora ƙafa.

Washegari telan bakin titi ya zo da mai ɗaukar kaya. Bai ko shiga ba. Auta ya fito yana neman kalmar ba da haƙuri, telan ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bar shi kawai. Tun daga kan kwana na jiyo ƙarar keken, na san na yi zuwan banza." Mama ta aiko masa da shayi da kwalin maɓallai.

Sakamako

Ka ji yadda mutum ke zubar da nasara da hannunsa. Auta da ya kusa zama gwarzon guruf, yanzu duk Asabar yana zaune a gefen taga, ya runtse ido ɗaya, harshe a waje, yana zura allurai talatin yana sokewa a ƙunshin ƙyalle. In zaren keke ya tsinke ranar Talata, sai ya biya bayan an tashi daga aiki. Mama na taka keke tana ba shi labarin mutanen da bai sani ba, tana yi masa faɗan ya cika tsawaita zare. Rigar ta fito, shuɗiya, rabin kafaɗa da farin zare. Ya hana a warware, da ita yake zuwa ofis.

Hoto kuwa ya ɗauke ƙafa. Gwaggo har ta tambaya ko lafiya. Yaya ta rubuto ta ce a turo mata ko guda ɗaya ta gani, Mama ta karɓi wayar ta yi mata saƙon murya: "Hannunsa ba sarari, sai ya gama."

Babu ruwana

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya ga dama. In mahaifiyarka ta cinye kokwamba, in ta gyara wa malama hannun riga, in ta ce a kai ta gida tun ƙarfe sha ɗaya, kada a nemo ni. Wanda kuma ya yi gangancin tambaya, ya rasa Asabar ɗinsa, shi ya jiyo, na gargaɗe shi tun a matakin farko.

Tsarina dai ba shi da aibu, don ni na bi shi har ƙarshe ban saki layi ba. Tawa uwar na kai ta yawo a jirgin ruwa, na kai ta kallon fitilu, ina da hotuna ɗari uku da sha biyu, kowa ya gani sai ya yaba. Ita ma tela ce. Kekenta yana ɗakina yanzu, na ɗora masa takardun shaidar ƙwarewata. Kwanaki na ɗaga murfin zan goge ƙura, na tarar da zare kwance a gefen allurar, bakinsa a murje, ba a zura ba. Ban san tun yaushe yake nan ba. Ban tambaya ba.